Kaluluwar da ta raba ni da maƙwabci

Ina saukowa daga motar danfo a kasuwar Mile 12 ta Legas wani ƙarfe ya yanke ni a babban yatsan ƙafa. Na ɗaure da tsumma na wuce rumfar albasata. Bayan kwana 3 sai ga ƙullutu kamar goro a matsematsina, tafiya ma sai na ware ƙafafu kamar yaron da aka yi wa kaciya.

Nan take na gano mai laifi: maƙwabcin rumfata, wanda muka yi cacar baki kan wata mai sayen buhu biyu. Jifa ne, babu tantama. Na daina amsa gaisuwarsa, na dinga turara hayaƙi har uwargida ta kore ni tsakar gida.

Ɗan yayata mai karatun likita ya zo daga Idi-Araba, ya duba yatsan, ya taɓa ƙullutun.

"Kawu, kaluluwa ce. Barikin sojojin jikinka ne ya cika."

Ya ce fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil su ke fara isa wurin ciwo, su haɗiye ƙwayoyin cuta, su mutu a fagen fama. Mugunyar da nake matsewa ina tsaki, yawancinta gawarwakinsu ne. Sai na ji kunya.

Waɗanda suka fi burge ni su ne wasu fararen ƙwayoyin jinin da ake kira ƙwayoyin T masu kisa. Bi suke suna shafa ƙwayoyin jiki suna duba shaidar da kowace ta kafa a bayanta. In suka tarar da wadda bairos ya shiga, ko ta rikiɗe ta zama ta daji, sai su manne mata gam, su fesa mata sinadarin farforin ya huda ta, wani sinadarin mai suna giranzayim ya bi ta hudar ya sa ta kashe kanta. Su sake ta, su nufi ta gaba. Wadda ta ɓoye shaidarta kuwa, wasu fararen ƙwayoyin jinin da ake kira NK na jiran ta.

Na ce, "Wato 'yan bangan layinmu na Agege bayan sha biyun dare."

"Sai dai waɗannan ba sa karɓar na goro, Kawu."

Ya ja ni asibiti aka wanke ciwon, aka yi min allurar tetanus, aka ba ni magani. Da na samu sauƙi na ɗauki goro na je ba maƙwabcina haƙuri. Ashe bawan Allah bai ma lura na daina gaishe shi ba. Shi duk a zatonsa basir ne ya hana ni magana, har ya sa a aiko min da sassaƙe daga Kano.