Na je kallon aikin magabata, na dawo da shi a hannuna

Bature ne ya jawo mana. Ɗan Yakasai ne haifaffe, amma tun da ya je karatu Faransa ya dawo sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa ƙoƙarin kakkaɓe shi ba. Duk zancen da aka ɗauko a majalisarmu, ko na tsadar gawayi ne, sai ya karkata shi zuwa "can". Ran nan da daddare muna wajen mai shayi ya zaro waya ya shiga nuna mana hotunan tsohuwar majami'ar nan ta birnin Faris, Notre-Dame, da tagoginta masu gilashi kala-kala da sassaƙen duwatsu har sama.

"A 1163 aka fara gininta," in ji shi. "Ku nuna mini abu ɗaya a garin nan da ya kai ta tsufa, ban da babur ɗin Ma'aji."

Ustaz, wanda tarihi yake koyarwa a sakandare kuma ba ya tashi daga aiki ko a wajen shayi, ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya aza harsashin ganuwar Kano, ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, don haka kafin a kafa dutsen farko na majami'ar mu mun riga mun fara kewaye garinmu. Bature ya ce tarin ƙasa ba fasaha ba ce. Ustaz ya ce to ran Asabar kowa ya fito, zai nuna masa fasaha har sai ya ce ya ƙoshi.

Na ce musu ni fa Asabar ɗin ba tawa ba ce, bayan magariba ni da kawuna za mu je gaishe da mahaifin yarinyar da nake nema a Mandawari. Ustaz ya rantse kafin la'asar mun gama. Bature ya kafa doka cewa kowa ya sa kayan kirki saboda hoto. Ni kuma a Hotoro nake, ba zan shiga cikin gari in fito in sake komawa ba, sai na sa sabuwar farar shaddata tun da safe, wadda tela ya sha zarya a kanta, na ɗora hula, na fesa turare. Ku riƙe maganar shaddar nan.

Adaidaita sahu ɗaya muka shiga mu huɗu, don Ma'aji ya ce biyu almubazzaranci ne. Su uku a baya, ni a gaba gefen direba, gwiwoyina a waje suna gaisawa da masu wucewa. Dogo ake ce mini, kuma ba ƙarya aka yi mini ba.

Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, muka fara, nan daura da Ƙofar Kudu ta gidan sarki. Wuri ne da na wuce ta gabansa ba adadi, ko ranar hawan Daushe nan muke cunkuso, amma ƙafata ba ta taɓa shiga ba, kuma na tabbata rabin masu karanta wannan haka suke. A bakin ƙofa Ma'aji ya fara neman ragi a kuɗin shiga, wai mu 'yan gari ne, kakanninmu ne suka yi ginin. Ustaz ya biya ya ja hannunsa.

Da muka shiga zaure sai wani sanyi ya sauko mana, alhali a waje rana tana dukan tsakar ka. Bature ya ɗaga kai yana neman na'urar sanyaya ɗaki. Babu. Kaurin bangon ne kawai, tubali da yaɓe, sai azara jere a rufi, sai bakan gizo da ya taso daga bango ya lanƙwaso ya haɗu a tsakiya ba ƙarfe ba siminti. Ustaz ya tsaya a ƙarƙashinsa ya buɗe aji. A ƙarni na 15 aka gina gidan domin Muhammadu Rumfa, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Shi ne ya yi mulki har 1499, ya gina gidan sarki na yanzu, ya kafa kasuwar Kurmi, ya kawo kakaki da figini da takalman gashin jimina. A zamaninsa Shehu Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasihar yadda ake riƙe mulki. Mai yi mana jagora, bawan Allah, ya buɗe baki zai yi bayani sai ya tarar Ustaz ya riga shi, daga baya ya haƙura ya koma bin mu da murmushi.

Wajen sulke da kwalkwali da lifidi Bature ya ɗan yi shiru. Ustaz ya ce Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da su rundunar Kano. Ni dai abin da na tsaya tunani shi ne mutumin da zai saka rigar ƙarfen nan a watan Afrilu, ya hau doki, a ce kuma ya je ya yi yaƙi. Ma'aji ya tambaya ko kilo nawa za ta yi a wajen 'yan gwangwan. Muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, Ustaz ya ba da labarin shigowar Turawa a watan Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, yana yi yana hararar Bature tamkar da shi aka zo.

Gardamar da suka yi a tsakar gida ita ce ta fi burge ni, kodayake yunwa ta hana ni sa baki. Bature ya ce ai wannan bangon ba na zamanin Rumfa ba ne, an sha yaɓe shi. Ustaz ya ce ƙwarai, ginin ƙasa kenan, in damina ta wuce sai magina sun dawo, saboda haka abin da ya shekara ɗari biyar ba ƙasar ba ce kaɗai, har da hannun da ya san yadda ake kwaɓa ta. A nan ina bayan Ustaz. Sai dai Bature ya rama da tambayar ina badalar da ake ta kuri da ita, tunda wurare da yawa an cinye ta an kafa shaguna, kuma a nan babu wanda ya iya ba shi amsa. Muka wuce ɗakin amarya na gargajiya, da jeren kwanuka da tasoshi, suka taru a kaina wai in duba da kyau in san abin da ke jirana.

Da a nan muka tsaya, da lafiya lau. Amma Ustaz ya ce saura fasahar da take raye, sai marinar Ƙofar Mata.

Tun 1498 ake rini a wurin. Rijiyoyi ne jere a ƙasa, da yawa sun bushe, waɗanda ke aiki an kifa musu murfin saƙa. Warin kuwa, in bai taɓa dukan hancinka ba, ba zan iya kwatanta maka ba. Wani dattijon marini yana zaune a bakin rijiyarsa da safar hannu ta roba har gwiwar hannu, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya yi mana bayani ba gaggawa: baba da toka da kanwa ake zubawa a ruwa, a bar su su ruɓa kwana da kwanaki, ana motsawa har kumfa ya taso. Mata ne a cikin gida suke ɗaure zanen da zare, kowane ɗauri da sunansa. In an gama a kai wa masu bugu su daka shi har ya yi ƙyalli. Ya ce Buzaye tun kaka da kakanni suke zuwa saye.

Bature ya kamu. Mutumin da ya ce ba mu da komai, shi ne ya zaro sandar nan ta ɗaukar hoto, ya maƙala waya, ya juya wa rijiya baya, ya fara yi wa mutanen Facebook jawabi da Faransanci. Yana magana yana ja da baya. Dattijo ya ce, "Yaro, kula da ƙafarka." Ya kula da ƙafar, ya saki sandar.

Tsulum.

Wurin ya yi tsit. Sai Bature ya kurma ihu, wai duk hotunansa na Faris suna ciki. Dattijo ya ce rijiyar ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, amma da yake sandar doguwa ce wataƙila ta tokare a bango, a jira ya ɗauko abin lalube. Bature bai jira ba. Ya dube ni, Ustaz ya dube ni, Ma'aji ya dube ni. "Dogo, don girman Allah, hannunka ne kaɗai zai kai." Kafin in ce shadda, Ma'aji ya naɗe mini hannun riga, Ustaz ya riƙe ƙuguna, na tsinci kaina a durƙushe hannun dama a cikin tarihin Kano har kafaɗa.

Na laluba, babu. Na fito da hannun in huta, suka ce in ƙara gwadawa ta gefen hagu. Na mayar, na taɓo kan sandar ta zame. Na fito, na mayar. Hannun rigar da aka naɗe tuni ya warware ya bi ni ciki. Dattijo ya dawo da sandarsa ya tsaya yana kallona, sai ya ce, "Ai kuwa yaron nan ya iya. Haka ake yi, a tsoma, a fitar ya sha iska, a mayar."

Daga ƙarshe na cafko ta. Bature ya fizge, ya goge da hular Ma'aji, wayar ta kawo haske, wai ruwa ba ya shigarta. Ya yi hamdala, bai ko kalle ni ba. Na duba hannuna na ga kore-kore ne, na ce alhamdulillahi, wannan ruwa da sabulu zai fitar. Dattijo ya girgiza kai. "Jira tukuna, ɗana." Ina tsaye ina kallo, daga yatsu har kafaɗa, koren nan ya riƙa juyewa yana zama shuɗi. Ustaz, maimakon jaje, sai ya ce wa Bature, "Ka gani? Iska ce take haɗuwa da shunin ta kama shi. Magabata sun san wannan ba su shiga ɗakin gwaje-gwaje ba." Ya ɗaga hannuna sama yana nuna wa wasu yara 'yan makaranta da suka zo ziyara.

Rigar dai dattijo ya ce mafita ɗaya ce, a rine ta gaba ɗaya ta zama kala guda. Ma'aji ya tsaya ciniki, wai a cire kuɗin hannu ɗaya tunda mun riga mun yi da kanmu. Na tuɓe na bari, na fito da singileti da farin wando da hula.

Kurmi muka nufa neman magani, kuma a nan na gane kowa a Kano likita ne. Mai kayan ƙamshi ya ce lemon tsami. Dukawa suka ce toka da omo. Wani mai sayar da linzami ya ce kalanzir, na gwada, sai na zama shuɗi mai warin risho. Wata tsohuwa ta sayar mini da dutsen goge kaushi da sabulun salo, na dirje har fata ta yi zafi, shuɗin ya ɗan yi haske amma farce da ramukan yatsu ko gezau. Su kuwa suna gefe suna cin gurasa bandashe ta Jakara, Bature yana cewa Buzaye kuɗi suke biya shuni ya kama musu fata, ni na samu kyauta.

La'asar ta wuce, komawa Hotoro ba zai yiwu ba. Ustaz ya kai ni gidansu ya ara mini jallabiya. Ustaz a kafaɗata yake tsayawa. Jallabiyar ta tsaya a ƙwauri, hannunta bai rufe ko agogo ba.

Kawu ya gan ni a bakin layi ya yi salati. Ya ce in zuba hannun a aljihu kada in kuskura in fitar, shi zai yi magana. Muka yi sallama, aka shigar da mu zaure, na zube can gefe kai a ƙasa. Alhaji ya fito, mutum mai fara'a, ya gaisa da Kawu, sannan ya juyo ya miƙo mini hannu. Na ƙara sunkuyawa, na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba," da fatan zai ɗauka kunya ce. Ya ce, "A'a, kawo hannu mana, ai musabaha sunna ce." Hagu ba ta miƙuwa. Na zaro.

Ya riƙe hannun, ya juya shi gaba da baya a ƙarƙashin fitila. Ya dubi Kawu.

"An ce mini yaron a banki yake aiki."

Kawu ya fara bayani, ni ma na fara, muka sarƙe. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce babu komai, sana'a ai ba abin ɓoyewa ba ce, rini gadon Kano ne, shi ya fi son mai sana'ar hannu a kan mai jiran albashi. Ya shiga sa mini albarka. Kawu ya taka mini ƙafa alamar in yi shiru, tunda abin ya karɓu a bar shi haka. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, Alhaji ya ce sai na ci. Tuwon fari tas. Ƙannen yarinyar suna leƙe ta labule suna ƙirga lomata, suna duba ko zai rine.

Yarinyar ta san gaskiya, ta kuma yi alkawarin gyara zancen a cikin gida, amma dariya ta hana ta har yanzu. Shekaranjiya ƙaninta ya zo har wajen aikina, ya tsaya a layi tare da masu ajiyar kuɗi, da layi ya zo kansa ya ɗora mini ƙullin leda a kan kanta. Zannuwa ne da suka koɗe. Wai in ji Hajiya Kaka tana gaishe ni, a yi mata mai duhu sosai, kuma kafin sunan da za a yi ran Juma'a take so. Na kira Bature na ce ya zo ya ɗauka ya kai Ƙofar Mata, kuɗin kuma daga aljihunsa. Ya ce zai zo, amma in yi haƙuri sai ya gama tace bidiyon, don wajen da hannuna yake juyewa shuɗi ya fito da kyau ƙwarai.