Kafin ɗalibin kasuwanci ya koya wa mai ƙuli-ƙuli lissafi

A zangon karatun da ya wuce, 'yar yayata mai karanta harkar gudanar da kasuwanci a wata babbar makaranta ta zo mini da labarin aikin da aka ba su. Malaminsu ya kasa su rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya nemi mai ƙaramar sana'a a cikin gari, ya zauna da shi, ya taimaka masa da abin da aka koya a aji, makin kwas ɗin kuma daga nan zai fito. Su biyar suka zaɓi wata dattijuwa mai matsar man gyaɗa a Tudun Wadan Zariya. Suka tambayi kuɗin tiyar gyaɗa, kuɗin niƙa da na itace, suka ƙirga kwalaben man da ke fita, suka zuba a kwamfuta. Lissafi ya ce Inna faɗuwa take yi kullum. 'Yar tawa ta tafi da fuskar jaje za ta sanar da ita. Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "'Yar nan, ƙulin fa? Ai mai uwa yake mayarwa, riba a ƙuli take."

Ina goyon bayan irin wannan aiki, kuma dariyar Inna ce babbar hujjata. Yaran nan sun karanta a littafi cewa sana'a kan fitar da kaya biyu daga tukunya ɗaya, har sun ci jarrabawa a kai, amma da suka ga ƙuli-ƙuli a faranti ba su gane shi ba. Da a aji suka tsaya, haka za su karɓi takardar shaida su shiga banki, wata rana irin Inna ta zo neman rance su kore ta da lissafin da bai cika ba.

Turawan Amurka ne suka raɗa wa salon suna a ƙarshen shekarun 1960, wato koyo ta hanyar yi wa al'umma hidima. Mu a Zariya ba sai mun tsallaka teku neman misali ba. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara 40 kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga can malamin gona ya zama sananne a ƙauyuka. Mutumin nan ba ya aiko wa manomi da takarda. Gona yake zuwa, ya yanki gefe guda ya shuka sabon iri, manomi ya gani da idonsa, sannan ya dawo bayan girbi ya ji abin da ya faru. Tambayata ita ce, garin da ake koyar da aikin mulki da gudanarwa a unguwarsa ta Kongo tun 1947, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, me zai hana shi samun malamin kasuwa kamar yadda ya samu malamin gona? Shirin SIWES da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro a 1973 yana tura ɗalibi ma'aikata ya koyi aiki a ƙarƙashin shugaba, kuma yana da amfaninsa. Sai dai ba ya kai shi rumfar mai tumatir a kasuwar Sabon Gari.

Amma kada a ɗauka Inna ce kaɗai malama. Da yaran suka gyara lissafinsu, sai suka gano abin da ita ba ta lura da shi ba. Kusan duk masu shagon da ke ɗaukar mai a wurinta bashi suke ɗauka, ba sa biya sai bayan makonni, ita kuma kafin nan gyaɗa ta tashi, kuɗin da suka dawo ba sa sayen tiyoyin da suka fita. Ga kuɗin cefane da na jari a gwangwani ɗaya, ga zubin adashi da take cira daga uwar kuɗi ba tare da ta sani ba. Wannan shi ne jari ke zaizayewa mai shi yana ganin ciniki na tafiya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashi ya daina zama wuri guda, ƙananan 'yan kasuwa da yawa a nan suke karyewa, kuma a nan ɗalibin da ya iya lissafi yake da abin bayarwa.

Inda nake da ja shi ne yadda ake auna aikin. In rahoto mai bango mai sheƙi ne ke kawo maki, to rahoto za a yi. Za a buga kyalle mai sunan rukuni, a sayi tsintsiya a share bakin kasuwa, a yi hoto da mai sana'a a ɗora a Facebook, shi ke nan. Sadaka ce mai kyau, amma ba darasin kasuwanci ba ce. Abin da ya kamata malami ya duba shi ne, bayan wata uku littafin bashin da aka buɗe wa mai shago yana nan ana rubutu a ciki? In an jefar da shi, me ya sa? Wataƙila da boko aka tsara shi, mutumin kuwa ajami yake rubutawa. Ɗalibin da ya iya bayyana dalilin faɗuwar shawararsa ya fi cancantar maki a kan wanda ya kawo hotuna ashirin.

Masu suka suna da gaskiyarsu. Aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba ya bibiyuwa ga malami ɗaya, kuɗin mota daga Samaru zuwa birni ba wasa ba ne ga yaron da ke lissafin garin kwaki, kuma ɗan koyo na iya ba da shawarar da za ta cinye jarin marainiya. Wannan na ƙarshen ya fi damuna. Maganinsa kada a bar ɗalibi ya taɓa farashi ko ya kai mutum ga rance sai malami ya gani. A kuma shiga ta hannun shugabannin kasuwa da masu unguwa, a bar kowane sashe ya riƙe unguwa ɗaya shekara da shekaru, rukunin bana ya gaji fayil ɗin na bara. Ɗalibai mata su ke da damar shiga gidajen da ake ɗinkin hula da dakan yaji, inda namiji iyakarsa zaure. Wanda ya zo daga kudu bai ji Hausa ba a haɗa shi da ɗan gari, ya ƙaru sau biyu.

Zango ya ƙare, an ba su makinsu tun kafin a san ko shawarar ta yi aiki. 'Yar tawa dai ta koma da kanta ran wata Asabar. Ta tarar Inna ta ajiye littafin bashin da suka buɗe mata a kan kwaba, ba ta rubuta ko layi ɗaya ba, amma gwangwanayen sun zama biyu, kuma ta ce wa masu shago daga yanzu rabi hannu, rabi ran Juma'a.