Ba sai rago ba

Mutane na ɗauka wai namijin da ke kashe kansa rago ne mai raunin zuciya, to ba haka abin yake ba. Maza na mutuwa ta wannan hanyar fiye da ninki biyu na mata a duniya, kuma sau da yawa wanda ake yabo ne, mai haɗiye damuwa, baya neman taimako, komai sai ya yi ɗari bisa ɗari in ya gaza kuma ya kasa yafe wa kansa. Sai mai yanke hukunci cikin fushi, ballantana in da shaye-shaye. Halin kaɗai baya kisa fa, sai ya haɗu da ciwon damuwa, bashi ko rabuwa. In ka ga alama tambaye shi kai tsaye, tambaya bata saka masa tunanin, ka raka shi gun likita.