Yawan addu'ar albarka ba shi ne yawan lada ba a wurin Yahudawa

Jin cewa Talmud, babban littafin koyarwar malaman Yahudawa, ya ce Bayahude ya yi addu'ar albarka 100 kullum, wato gajerun addu'o'in yabon Allah irin na kafin cin abinci, ya sa wasu ke zaton duk inda ya sami dama sai ya ƙara. Ba haka ba ne. Kowace albarka na ɗauke da sunan Allah, kuma malamansu sun ɗauki yin ta babu dalili kamar ambaton sunan a banza, abin da Attaura ta hana.

Albarkar da aka yi wa gurasa a farkon cin abinci ta wadatar da nama da miya, sai ruwan inabi da ke buƙatar tasa. Wanda ya gutsuri tuffa yana kokwanton ko ya yi albarkar, ba ya maimaitawa. Nan kam tsoron ƙari ya fi tsoron ragi.