Ƙannena masu karatun dare, matar ubanku ba ita ce ta cikin littafi ba

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, musamman ku da ba ku ajiye waya sai ta suɓuce ta faɗo muku a fuska tsakar dare.

Kada ku ce ga wata tsohuwa ta zo hana ku abin da ba ta san daɗinsa ba. Ni ma mai karatun ce. Tun ina 'yar sakandare a nan Katsina nake hayar littafi, a biya kuɗin kwana ɗaya, a cusa shi tsakiyar littafin lissafi, malami na gaban allo mu muna wata duniya. Muna nan a 2007 aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a Kano, aka ce su ke lalata 'yan mata. Ba su mutu ba, waya suka koma, inda ashana ba ta kai. Don haka ba zan ɓata bakina in ce ku daina ba. Wata magana ce daban ta kawo ni.

A zamaninmu soyayya ce jigo, sai ɗan kishi da auren dole. Yanzu duk littafin da aka turo mini a WhatsApp, ko na ji ana karantawa a YouTube, jini ne ke bin shafinsa. Marainiya a hannun matar uba, boka a bayan gari, kawu mai fyaɗe, uba da ya kori ɗansa, ɗan ya shiga duniya ya dawo da bindiga da motoci don ɗaukar fansa. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa kullum abin ƙara muni yake? Ku dubi yadda ake sayar da shi. Marubuciya na sakin labari shafi-shafi, na farko kyauta, in an kai inda zuciya ta rataya sai a ce a tura kuɗi a shiga rukunin masu biya. Dole kowane shafi ya ƙare da abin da zai hana ki barci. In jiya mari aka yi, yau sai an ƙona hannu da wuta, gobe sai guba. Masu karatu kuma na ƙasa suna zuga ta: "Allah ya isa!" "Wallahi in ba ki kashe matar nan ba na daina karantawa." Ba na zagin marubuta, sana'a ce, wasunsu da ita suke ciyar da 'ya'ya. Amma ku sani, muguntar da kuke gani an auna ta ne da mudun kasuwa, ba da mudun abin da ke faruwa a kowane gida ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gidanmu ya faru. Ɗiyar ƙanena, shekararta 16, mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara biyar, matar ubanta ce ta raine ta. Bara sai yarinya ta daina cin abincin gidan. A zuba mata tuwo ta faki ido ta juye wa awaki, ta sayi awara a waje ta kwana da ita. Ta daina shan ruwan randar ɗakin matar. In an aiko ta da kunu ta ce ta ƙoshi. Wata uku ana haka, har ta rame. Matar ta zo wurina da yamma, ko zama ba ta yi ba hawaye ya riga ta: "Yaya, don Allah ki tambayar mini yarinyar nan me na yi mata."

Na kira ta ɗaki, na lallaɓa, da ƙyar ta buɗe baki. "Goggo, barbaɗe take mini." Na ce kin gani da idonki? A'a. Wani ya faɗa miki? A'a. To daga ina? Sai ta ce ai haka suke yi, suna nuna so a fili alhali suna bin bokaye, kuma alamomin duk ta gan su: ciwon kai, faɗuwar gaba, Baba ya rage sakar mata fuska. Na karɓi wayar na duba. Littafi bakwai ta karanta a jere, duk bakwai ɗin matar uba ce mayya. Ciwon kan kuwa, yarinyar da ke kaiwa ƙarfe biyu na dare ido a kan waya, ina kai zai ƙi ciwo?

Ba zan yi muku ƙarya in ce matar nan waliyyiya ce ba. Tana da kaifin baki, ni kaina mun sha yi da ita. Ta taɓa fifita 'ya'yanta a kayan Sallah, na kuma faɗa mata. Amma ita ce ta kwana takwas a kan tabarma a asibiti lokacin da ƙyanda ta kwantar da yarinyar nan. Wannan kwana takwas ɗin babu shi a littafi ko ɗaya cikin bakwai ɗin, domin ba ya sa a tura kuɗi.

Ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani. Kowane gida akwai ɓacin rai. Akwai uban da bai iya magana mai laushi ba, akwai 'yan uba da ba a jituwa, akwai rabon gado da ya bar tabo. Littafin nan yakan zo ya tarar da ɗan ƙaramin ciwon da kake da shi, sai ya ba shi suna mai girma, ya nuna maka mai laifi, ya kuma yanke hukunci. Ka rufe waya ka fito tsakar gida, kana kallon mutanen da suka raine ka da idon da marubuciyar da ba ta taɓa ganinsu ba ta ara maka. Ita ta ƙirƙiri muguwarta ta kuma san abin da ke zuciyarta. Kai ba ka san abin da ke zuciyar kowa ba.

Na san wata za ta ce, Goggo, ni nawa ba zato ba ne. Na yarda. Akwai 'yan riƙo da ake azabtarwa a garin nan, akwai yaran da na gida ya lalata aka ce a rufe don kada sunan dangi ya ɓaci. Ga irin waɗannan, wani lokaci a littafi suka fara jin an ambaci ciwonsu da sunansa, suka gane ba su kaɗai ba ne kuma ba laifinsu ba ne. Wannan alheri ne, kuma tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016 an ji irin waɗannan labarai da da can ba a iya faɗa. Sai dai ƙanwata, in ke ce a wannan hali, littafi ba zai fitar da ke ba. Ki faɗa wa mutum mai rai: goggo, kawu, malamarki, matar liman, mai unguwa. In na gida sun toshe kunne, akwai Hisba, akwai 'yan sanda. Kada ki zauna kina haɗiyar labarin fansa kina jiran ranar da za ki yi kuɗi ki dawo ki wulaƙanta kowa. Wannan ranar a littafi kawai take zuwa a kan lokaci.

Ba kuma yau aka fara rubuta kisa da rikicin dangi da Hausa ba. Cikin littattafan da suka fito bayan gasar rubutu ta 1933 akwai Jiki Magayi, labarin saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya rama ta hanyar lalata ɗan da aka haifa, yaron ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa. Mai karatu ba ya tashi daga wannan labari yana sha'awar ramuwa. Ku je ma ga Alƙur'ani. Kisan farko a bayan ƙasa tsakanin wa da ƙane ne, yana cikin Suratul Ma'ida, kuma ba a bar mu da makashin yana taƙama ba, an bar mu da shi riƙe da gawar ɗan'uwansa bai san yadda zai yi da ita ba, sai da hankaka ya koya masa tona rami, ya wayi gari cikin masu nadama. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, 'yan ubansa ne suka jefa shi rijiya. Ranar da suka tsaya gabansa, mulki na hannunsa, yunwa na cinsu, ce musu ya yi babu zargi a kanku a yau. Da a rukunin masu biya aka saki wannan shafi, da an nemi a mayar wa mutane kuɗinsu.

Ku kuma samari, taku ta fi ba ni tsoro. Gwarzon littattafan nan yanzu makashi ne mai kyan fuska, marar dariya, wanda kowa ke rawar jiki in ya shigo. Ana ba shi shafi arba'in na yadda aka zalunce shi yana yaro, don ka tausaya masa kafin ya fara yanka. Wanda aka kashe kuwa layi ɗaya ne: "wani mai gadi." Mu mutanen Katsina bai kamata a sayar mana da wannan ba. Mun san kauraye, 'yan daban garin nan, mun san yaron da aka soka wa wuƙa saboda waya. Mun san daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye suka yi kwanaki a bakin ƙofar makaranta. Muna da baƙi daga Batsari da Jibiya da Safana da suka baro gonakinsu suna raɓe a kangwaye. Wancan "wani mai gadi" a nan yana da suna, yana da mata da ke takaba, yana da 'ya'yan da aka cire daga makaranta. Wahalar yarinta tana iya bayyana yadda mutum ya lalace, ba ta wanke shi. Marayu nawa ne suka tashi cikin uƙuba a unguwarku ba su taɓa ɗaga wa kowa wuƙa ba? Ko mutumin nan da ya zo a hadisi, wanda ya kashe rai 99 ya cika na 100, ba don ya kashe aka ba mu labarinsa ba, don ya nemi tuba ne ya kuma bar garin da yake ɓarna.

Masu rubutu a cikinku, kalma ɗaya. In kun rubuta "labarin gaskiya ne" a saman shafi, kun canza suna kawai kun bar unguwa da sana'a da yawan 'ya'ya, to Katsina ba ta da girman da kuke zato. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga kowa dangin wani ne. Asirin maƙwabciya kuka sayar a kan naira ɗari biyar.

Ɗiyar tamu ban ƙwace mata waya ba. Na ce ta je ta tambayi kakarta wa ya yi jinyarta lokacin ƙyanda, don ita ba ta tuna ba. Na kuma ce wa matar uban ta rage faɗa, ta riƙa zuba musu a kwano ɗaya da ƙannenta. Shekaranjiya na leƙa gidan bayan magariba. Har yanzu ba ta ce mata "Inna, yi haƙuri" ba, kuma na hango hasken waya a ƙarƙashin hijabinta. Amma tuwon dawa ne da miyar kuka a gabanta, ta kai loma ta uku ina tsaye.