Ga mai sanin cikin Mac Studio tun kafin a ƙera ta

Akwai wani bawan Allah da ya sake fitowa yana bugun ƙirji cewa ya san irin furosesar, wato ƙwaƙwalwar na'ura, da kamfanin Apple zai saka a cikin kwamfutar tebur ta Mac Studio mai zuwa, har yana shawartar masu tace bidiyo da su dakata da saye, su sayar da na hannunsu. Ba zan ambaci sunansa ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da nake so ya tuna shi ne abin da ya faru a watan Maris na 2025. A lokacin, shi da ire-irensa sun yi ta rantsuwa cewa M4 Ultra ce za ta fito, amma sai kamfanin ya sako Mac Studio da zaɓi biyu, M4 Max da M3 Ultra, wato babbar furosesar, Ultra, ta fito ne daga zubin M3 da ya gabata. Kafin nan ma an yi ta yayata wata furosesa M2 Extreme da aka ce za a haɗa guntayen furosesa huɗu a yi ta, sai ga Mac Pro, babbar kwamfutar tebur ta kamfanin, ta zo a watan Yuni na 2023 da M2 Ultra, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, bai wuce gigabait 192 ba, alhali ta 2019 mai ɗauke da furosesar Intel Xeon tana ɗaukar terabait 1.5. Ultra dai guntayen Max biyu ne ake haɗewa ta hanyar wata fasahar Apple mai suna UltraFusion, kuma kamfanin da kansa ya ce ba kowane zubi ne zai samu Ultra ba.

Hasashe ba laifi ba ne, ni ma ina yinsa. Abin da yake ɓata mini rai shi ne a ɗauko jita-jita a miƙa wa mutane ita a matsayin tabbas, musamman waɗanda da wannan na'ura suke ciyar da iyalinsu, waɗanda kowane watan jira yana nufin aikin da ya kuɓuce musu. Duk wanda aiki ya matsa masa ya duba nauyin bidiyon da yake tacewa da yawan RAM da yake buƙata, tunda ba a iya ƙara shi bayan saye. Shi kuma malam mai sani, ya fara yi wa waɗanda suka bi maganarsa a 2025 bayanin inda M4 Ultra ɗin ta shiga.