Malamar rabin aji ba 'yar sa-kai ba ce

Tun da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje a watan Janairun 2025, aka kuma rufe hukumar USAID mai raba tallafin bayan 'yan watanni, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka shiga tsuke bakin aljihu. Wannan kowa ya san za a yi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne inda wasu masu tafiyar da makarantun nazare na kyauta a nan Kaduna suka ɗora wuƙar. An tara malamai mata, an yi musu nasihar haƙuri, sannan aka ce daga yanzu babu albashi, kowace ta koma 'yar sa-kai, za a riƙa ba ta ɗan na sabulu in an samu. Ofishi yana nan da sanyinsa, motar shugaba tana shan mai, taron bita a otal bai fasa ba. Wasu daga cikin ƙungiyoyin nan ko kwabon Amurka ba su taɓa karɓa ba, sun dai fake da guzuma ne suna harbin karsana.

Duk mai ganin aikin nan wasa da yara ne, ya je Rigasa ko Hayin Banki ya wuni a aji ɗaya. Malama kan iso kafin kowa, ta share ɗaki, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗebo ruwa. Yara su fara zuwa, wannan yana kuka don an raba shi da bayan uwarsa, wancan ko koko bai sha ba, wata ta zo da zazzaɓi an ce ai za ta warware a makaranta. Kafin a kai ga waƙar baƙaƙe, ta ɗora uku a kan fo, ta wanke wa ɗaya jiki, ta raba faɗa a kan alli. Lokacin hunturu majina da tari, da damina kuma jan tabarma daga inda kwano ke yoyo. Ita ce ke fara lura cewa wani yaro ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ta ce wa uwarsa a kai shi a duba kunnensa. In an tashi, ba ta tafiya sai an zo an ɗauki na ƙarshe, ko da kuwa la'asar ta yi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 25 a ajin nazare. A unguwanninmu wa ke ƙirgawa?

Wannan matar ce ake cewa ta yi don Allah. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, Gwamna Uba Sani kuma ya amince da 72,000 ga ma'aikatan jiha. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ta wannan kafa yawancin ƙananan makarantun nan ke sulalewa. To, doka ta ƙyale ku, amma mai Keke Napep bai ƙyale malama ba tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Masu cewa ai lada take nema su fara gwada neman ladan da nasu albashin. Addinin da suke jingina da shi ne ya ce a biya ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.

Kuma a bar maganar tausayi, a yi maganar aikin kansa. Malamar da ba a biya ba ta daɗewa. Da ta sami ɗinki ko zaman shagon POS za ta tafi a tsakiyar zango, ba kuma laifinta ba ne. Ɗan shekara uku ba manhaja ya sani ba, Anti ya sani. In aka canza masa fuska sau biyu sau uku a shekara, kowane lokaci sai ya koma kuka da fitsari a wando, sabuwar malama ta shafe makonni tana lallashi kafin a koyi komai. Shugabannin ƙungiyoyi suna son ambato binciken masanin tattalin arziki James Heckman a takardun neman tallafi, wai kuɗin da aka zuba a kan ƙananan yara ya fi kowane jari riba. Gaskiya ne. Sai dai makarantar Perry ta jihar Michigan, wadda aka fara a 1962 kuma ya dogara da ita, malamanta masu digiri ne da shaidar koyarwa, kowace tana riƙe da yara biyar zuwa shida, kuma duk mako sai ta ziyarci gidajensu. Wannan ɓangaren ba ya shiga takardar neman kuɗi.

Tushen matsalar shi ne yadda muke naɗa shugabanni a irin waɗannan wurare. Ana duba wanda ya iya tsara rahoto da Turanci mai santsi, wanda ya san hanyar Abuja, ba wanda ya taɓa riƙe aji ba. Kwamitin amintattu kuwa, a wurare da yawa, sunan matar mai ƙungiya ne da na ƙaninsa aka kai wa CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don a sami rajista. Wa zai tambayi wa? Shugaban da bai san sunan yaro goma a makarantarsa ba, sai ranar da baƙi za su zo ya sa a yi wa yaran wanka a ɗinka musu sabon yunifom a ɗauki hoto, shi ne zai zauna ya yanke cewa albashin malama almubazzaranci ne. Wallahi abin kunya ne. Ga masu NCE a fannin renon ƙananan yara daga kwalejojin ilimi na Gidan Waya da Zariya suna zaune a gida, an gwammace a ɗauko yarinyar da ta gama sakandare jiya don ba za ta iya buɗe baki ta nemi haƙƙinta ba.

Ma'aikatar ilimi ta jiha ta riƙa neman ganin takardar biyan albashi kafin ta sabunta wa kowace makaranta izini. Masu ba da tallafi, na waje da attajiranmu na gida, su tambayi nawa ke shiga hannun malama kafin su tambayi yara nawa aka rubuta a rajista. Ƙungiyar da kuɗinta bai isa riƙe aji huɗu ba ta riƙe biyu ta biya malamansu. In kuwa dole sai an sami ɗan sa-kai a makarantar, a fara daga kujerar shugaba.